Kundin Gwadabe a Ƙarƙashin Rairayi

Duk wanda ya taɓa raka gawa daga Zangon Kwatano ya san Malam Gwadabe, ko da kuwa bai so saninsa ba. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kuma teburinsa na nan a inuwar babban masallaci tun kafin a haifi rabin masu sallah a ciki. Farin yadi ne a kai a naɗe, da turare, da carbi, sai almakashi guda da ya ɗaure da igiya saboda masu aro. Mutum ne mai fara'a, amma ba a cika zama a bencinsa ba. In ya ɗago ya dube ka daga hula har takalmi, sai ka ji kamar awo yake maka, alhali bawan Allah gaisuwarka kawai yake jira.

Sai dai yadi ba shi ne ainihin aikinsa ba. Aikinsa sanin inda kowa yake kwance. Maƙabartar da mutanen Zango ke kai nasu tana can bayan gari, tafiyar rabin awa a kan zem, wato babur ɗin haya, in hanya ta yi kyau, ƙasarta kuwa rairayi ce zalla. Ka ɗaga tudun kabari yau, damina biyu ta bi ta kai, sai ka tarar da wuri sumul kamar an share da tsintsiya. Allon ƙarfe iskar teku ke cinye shi, wanda ya tsira 'yan gwangwan su yi gaba da shi. Saboda haka mahaifinsa, Malam Garba, ya buɗe kundi da ajami tun shekarun baya. Akwai wata doguwar bishiyar kwakwa a tsakiyar filin, daga gindinta ake ƙirga kowa: suna, rana, sannan taku kaza gabas, taku kaza kudu. Da Gwadabe ya kai shekara goma sha tara, tsohon ya ɗaura masa igiya tsakanin ƙafafu kamar dabaibayin jaki, ya sa shi zirga-zirga a tsakar gida wata guda cur, har takunsa ya zo daidai da nasa. 'Yan layi suka yi ta dariya. Malam Garba ya ce su yi, ranar da za su zo neman iyayensu ba za su yi ba.

Haka kuwa aka yi. Shekara arba'in Gwadabe yana kai mutane wurin nasu. Ya jingina bayansa da kwakwar, ya buɗe kundi, ya taka, ya tsaya a kan fili fetal inda ba ka ganin komai sai ciyawa, ya ce ga shi nan. Bai taɓa sa an haƙa a kan wani ba, kuma wannan ne kaɗai abin da yake alfahari da shi a duniya.

Matarsa Lami 'yar Zango ce ita ma, tana soya wagashi a bakin layinsu, cukun nan na Fulani. Mace ce mai baki kamar reza, ga hannu a sake. Sau huɗu ta haihu, sau huɗu Gwadabe ya ɗauki abin da ta haifa a tafin hannu biyu ya kai kusurwar gabas, inda ake sa jarirai. Babu wanda ya yi wata biyu a cikinsu. Daga baya ƙanwarta ta ba ta riƙon 'yarta Labiba tun tana rarrafe, gidan ya ɗan yi hayaniya. Da ciwon ajali ya kama Lami, wasiyyarta ɗaya ce: a sa ta a gefen kusurwar jarirai, tunda a duniya ba a bar ta ta yi raino ba, to a bar ta ta yi a can. Ya cika mata. Taku ashirin da uku gabas da kwakwa, shida kudu. Sunanta ne ya cike shafin ƙarshe na kundin, kuma bai kafa mata allo ba, don a gidansu ba a kafawa.

A shekarar ce Alhaji Kamaludeen, shugaban kwamitin masallaci, ya zo da wani kamfani mai biro, wato ofis, a unguwar Cadjèhoun. Iyayen gidan kamfanin suna can ƙetaren teku, wakilinsu a nan wani Idrissou ne, mutumin arewacin ƙasar, mai ladabi, ba ya yi wa Gwadabe magana sai ya rusuna. Suka kawo na'ura mai faɗin allon karatu, fuskarta gilashi. Kowane kabari baƙin ɗigo ne a ciki, mai riƙe da ita kuma koren ɗigo. Ka rubuta suna ka bi, in ka zo kan wurin sai muryar wata mata ta ce da Faransanci, a hankali kamar mai lallashi: «Vous êtes arrivé.» Wato an iso.

Gaskiya abin ya yi kyau, kada a yi wa kamfani ƙarya. Kwana arba'in Gwadabe yana takawa kabari bayan kabari, Idrissou na bin sa yana dannawa, har suka kwashe sunaye dubu uku da 'yan kai. Daga nan ko da Gwadabe na kwance da zazzaɓi, sai a ɗauki na'ura a tafi. Gwiwarsa ta huta. Mutane suka yi ta sa wa Alhaji albarka.

To, sai maganar kundi ta taso. Ya tsufa, ruwa ya taɓa shi, gara ta ci gefensa. Kowane shafi da bisimilla ya fara, ga sunaye irin su Abdulmalik cike a ciki. Abu mai sunan Allah ba a barin sa ɓera ya yi wasa da shi, ba a kuma jefa shi a shara. Liman ya ce ko a ƙona ko a binne. Gwadabe ya ce wuta ba za ta ci rubutun mahaifinsa ba. Ya yanko farin yadi daga teburinsa, ya naɗe kundin, ya ɗaure. Nouhou mai haƙa kabari, mutum ne da rami iri ɗaya kawai ya iya haƙawa, sai ya yi masa rami irin na jariri, da 'yar ƙaramar kushewa a ciki, har da jera katako a kai. Taku uku gabas da Lami aka sa shi, a cikin jarirai, don Gwadabe ya riƙa gaishe su tare. Idrissou ya yi masa nasa ɗigon a na'ura, ya rubuta "Kundi", ana ta murmushi. Kai, ɗan Adam! Babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya ya ce to in ita na'urar ce ta ƙi fa.

Shekara ta zagayo aka zo yin katanga da hanyar mota a cikin maƙabarta, kwakwa ta tsaya a hanya. Aka tambayi Gwadabe, ya ce a sare, ai ta gama aikinta. Aka tumɓuke ta har saiwa, aka baje wurin. Shekara huɗu ya yi yana zuwa wurin Lami kowace safiyar Juma'a, idonsa a kan gilashi, yana bin koren ɗigo har matar nan ta ce an iso. Ko sau ɗaya bai ƙirga taku ba.

Duk wannan an yi shi Labiba na karatun kwamfuta a garin Parakou. Da ta dawo ta kama aiki a biron wasu masu manyan motoci, wata rana ta ɗauki na'urar tana jujjuyawa, sai ta tambaye shi ina kwafin sunayen yake. Ya ce ai ga su nan a hannunta. Ta ce a'a, waɗannan leƙe kawai ake ba su, sunayen suna can wata ƙasa a ɗakin kamfani, kuma ta duba ko'ina babu ƙofar fitar da su. Da ta ji inda kundi yake, sai da ta ajiye na'urar ta riƙe baki.

Ta zaunar da shi ta yi masa bayani da irin maganar da zai gane. Ta ce akwai manhajar da ba ta da mai ita guda ɗaya, an bar cikinta a buɗe kowa ya ga yadda aka ɗinka ta, in wannan tela ya mutu wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Sunaye kuma suna zama a hannun masu su, in sun so su buga a takarda su raba gida-gida. Ita za ta iya kafa wa Zango irinta. Abin da take bukata kwana biyu ne, Asabar da Lahadi, ta zauna da ƙawayenta su buɗe sunayen ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar hoto da waya. Alhaji Kamaludeen ya yarda. Sai ta roƙi Gwadabe abu guda, har ta maimaita: kada ya faɗa wa kowa a kamfani sai an gama.

Nan ne fa maganar ta tsaya masa a wuya. A Zango, tun zamanin fatake, baƙo ba ya barin gidan mai masaukinsa sai ya yi sallama. Wanda ya sulale da kaya ba sallama sunansa ɓarawo, ko da kayan nasa ne. Idrissou kuwa ya zo gaisuwar arba'in ɗin Lami, ya ci abinci a tabarmar gidan. Yaya za a yi a kwashe kaya ta bayan idonsa kamar mutanen banza? Ya kwana biyu yana juya abin. Ranar Alhamis da hantsi ya sa farar rigarsa, ya ƙulle goro da kwalbar turare, ya hau zem zuwa Cadjèhoun, bai gaya wa Labiba ba.

Biron sanyi ƙalau, shiru kamar gidan makoki. Wata mata na zaune a teburin ƙofa tana rubuta sunan duk wanda ya shigo da abin da ya kawo shi. Gwadabe ya gaisa, ya miƙa goro, ya yi godiyar zaman shekara biyar, sannan ya ce sun zo sallama ne, 'yarsa za ta mai da su kan wata ta kyauta, Allah ya bar zumunci. Idrissou bai taɓa goron ba. Ya dubi matar nan ta ƙofa, ita ma ta dube shi, alƙalaminta na tafiya.

"Baba," ya ce a hankali, "da ba ka faɗa mini ba."

Gwadabe bai gane ba. Idrissou ya rako shi har bakin titi, a nan ya ce masa waɗannan na kyauta sun hana iyayen gidansa barci, sun janye musu masallatai da majami'u a ƙasashe uku, don haka an ba da umarni duk wanda ya ambaci tafiya a sanar a ranar. Gwadabe ya yi dariya, ya ce su 'yan Zango me suka isa su rage wa mutanen da ke da ɗaki a ƙetaren teku? Idrissou ya ce ba su kaɗai ba ne, kuma mai jin tsoro ba ya duba girman abin da ya taɓa shi. Ya ƙara da cewa in da hali, a yi abin da za a yi yau. Gwadabe ya ɗauka zancen ladabi ne. Ya koma teburinsa da zuciya wasai, ya yi azahar, ya sayar da yadi.

Washegari da safe ya tsaya a ƙofar maƙabarta ya rubuta sunan Lami. Gilashin ya yi fari fat. Babu baƙin ɗigo ko ɗaya. Rubutu ne layi biyu da Faransanci, wanda wani mai wucewa ya karanta masa: wai saboda kare mutuncin mamata an rufe bayanan. Sai nasa ɗigon shi kaɗai a tsakiyar farin, kuma yana kallo, koren ya dushe ya koma baƙi. Ya ɗago ya dubi filin. Ruwan sama ya yi kwana uku yana zuba, ko'ina ya kwanta sumul har katanga, ciyawa na rawa. A karon farko tun yana saurayi bai san inda zai sa ƙafa ba.

Labiba ba ta ɗaga masa murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a dokin ƙofa ta yi kuka, ta ce, "Baba, kwana biyu kawai na roƙe ka." Ya ce ai sallama ya je yi. Da maganar ta fito bakinsa shi ma ya ji yadda ta yi.

Kwamiti ya aika a ba da haƙuri a koma. Aka ce ana iya komawa, amma sai an sa hannu a ɗaure shekara goma, a sauya duk na'urori, sunaye kuma ba za su fita ko'ina ba. Dattawa suka rabu biyu. Wasu suka ce zanen aro ba ya rufe katara, an gani ai. Wasu suka ce a sa hannu kawai, iyayensu ne a ciki. Ana wannan ja-in-ja har wata biyu, ran nan Gwadabe ya koma Cadjèhoun da kansa ya tarar da ƙofa a garƙame. Mai gadi ya ce sun kwashe tun makon jiya. Ya leƙa ta gilashi, ba tebur ba kujera, sai goronsa a kan taga ya bushe a cikin ganyensa. Lambar Idrissou ta daina shiga. Ko na kyautan ne suka kashe su, ko rowarsu ce, wannan kuma sai masu ilimi. Abin da Zango ta sani shi ne sun tafi da mutum dubu uku.

Na'urar kuwa ba ta mutu ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. Kowace safiyar Juma'a sai ta yi 'yar ƙara ta rubuta cewa yau ranar tunawa ce da, sai fili, ba suna. Sannan ta kama magana ita kaɗai. Yana kishingiɗe bayan azahar, sai ya ji matar nan daga cikin jaka ta ce an iso. Wata rana Alhaji Kamaludeen ya tsaya gaban teburin farin yadi za su gaisa, tana ganin dama ta ce an iso. Alhaji bai ƙarasa gaisuwar ba, kuma ya yi mako yana shiga masallaci ta ɗaya ƙofar. Labiba ta ce ba komai ba ne, ragowar manhaja ce ke neman gidansu ba ta samu, sai ta maimaita abin da ta saba. Gwadabe ya ce ya ji. Duk da haka ya daina kwana da ita a ɗaki.

Aka daina haƙa a tsohon fili gaba ɗaya, aka koma bayan katanga. Wani mutum ya taso tun daga Sakkwato don ya tsaya a kan mahaifinsa, Gwadabe ya kai shi ƙofa ya ce masa bai sani ba. Kalmar ta yi masa ɗaci kamar maɗaci. Amma abin da ke cin sa a rai Lami ce. Lambarta na kansa daram, ashirin da uku da shida, to daga ina? Sai ya yi tunani: in ya sami kundi, Lami na taku uku yamma da shi, kuma daga ita ana iya komawa baya a gano gindin kwakwa, daga kwakwa a gano kowa. Ya je wa liman da maganar. Liman ya ce rami ɗaya, in alamar mutum ce a rufe nan take.

Ranar Litinin da hantsi suka je, shi da Nouhou, Labiba ta tsaya a bakin ƙofa. Rana ta take, ba iska, ba kowa. Gwadabe ya nemi inda yake zaton kwakwar ta tsaya, a gefen hanyar mota, ya juya bayansa ga bishiyar da babu ita, ya taka ashirin da shida gabas, shida kudu, wurin kundi ke nan. Nan ya gane wani abu da bai lissafa ba: gwiwar nan ta rage masa taku. Ya dawo ya buɗe ƙafa yana ƙoƙarin tuno tsawon igiyar Malam Garba. Sau uku ya taka, wuri uku ya tsaya, tsakaninsu ya fi tsawon mutum. Nouhou ya ce su haƙura. Gwadabe ya nuna na tsakiya.

Nouhou ya ajiye shebur ya yi da 'yar fartanya, daga baya da hannu. Rairayin jiƙe yake, ruwa na tsattsafowa ta ƙasa. Da ya kai zurfin hannu sai yatsunsa suka taɓa katako. Ya share a hankali. Gajere ne, irin na jarirai, ya yi baƙi ya yi laushi. Ya dubi Gwadabe, Gwadabe ya gyaɗa kai, ya ɗaga guda ɗaya. Farin yadi ne a ƙasa, irin na zamanin nan mai haɗin roba da ba ya ruɓewa, ya ɗan yi ja saboda ruwa.

A cikin jakar da ke rataye a kafaɗar Gwadabe matar nan ta ce an iso.

Nouhou ya ja da baya da gwiwa yana salati. Gwadabe ya durƙusa ya zura hannu. Sanyi, da laushi. Takarda da ta sha ruwa shekara biyar haka za ta yi, abin da ba takarda ba ma haka zai yi. Ya auna tsawon da tafin hannu, tsawon kundi ne, kuma ya ɗauki masu wannan tsawon a hannu biyu ya fi a ƙirga, huɗu daga ciki nasa. Ya dubi yadin, nasa ne, amma duk likkafanin Zango daga teburinsa yake fitowa. Ya laluba ya sami ƙullin. Ƙullinsa ne, wanda yake yi da hannun hagu, wanda ya yi wa kundi, wanda kuma yake yi wa kowane jariri da aka kawo masa. Babu hanyar sani sai ya kwance.

Ya daɗe a haka, yatsunsa biyu a kan ƙullin. Taku uku daga nan, in kundi ne, Lami ce. Ja ɗaya kawai zai kwance shi.

"Rufe, Nouhou," ya ce.

"Malam, in kuma shi ne fa?"

"In kuma ɗan wani ne fa?"

Nouhou ya mai da katako ya tura rairayi. Gwadabe ya nemi gafarar ko wane ne a ciki, ya miƙe da ƙyar. Ya juya yamma ya yi taku uku ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya tuna wataƙila a kan wani yake tsaye, wataƙila ma a kanta. Ya janye ƙafa, ya rasa inda zai ajiye ta. Labiba daga ƙofa ta ga dogon mutumin nan yana fitowa a hankali yana ɗaga sawu kamar mai tafiya a ɗakin da aka shimfiɗe yara, yana hawaye bai share ba.

Tun daga ranar ba ya shiga tsohon fili. In Juma'a ta zo sai ya tsaya a gefen katanga ya yi wa kusurwar gabas sallama gaba ɗayanta. Na'urar ya cire ta daga jaka ya sa a akwati, ya bar ta har cajinta ya ƙare.

Labiba ta kafa sabuwar manhajar a kwamfutar masallaci. Duk wanda aka binne a sabon fili ana rubuta shi, a buga a takarda, a kai kwafi gida uku, Nouhou kuma ya dasa kwakwa biyu ana ƙirgawa da igiya mai awo, ba da ƙafar kowa ba. Tsohon filin kuwa, Gwadabe ya sa ta zana shi fari, ta rubuta a kai da manyan baƙaƙe: AKWAI MUTANE. Bayan la'asar sukan zauna a tsakar gida yana faɗo sunayen da ya tuna tana shigarwa, ko da ba wuri. Sun kai ɗari huɗu da wani abu. Ita wannan manhajar ba ta hana ka sa suna ba tare da wuri ba, sai dai ta jera su a sama suna jira.

Ran da suka zo kan sunan, Labiba ta rubuta shi ta tsaya, yatsunta a kan madannai.

"Inna fa, Baba? Ina zan sa ta?"

Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin. Ya ɗora yatsa a kusurwar gabas, ya ja shi kaɗan yamma, ya dawo da shi, ya sake ja. Sannan ya ɗauke hannun ya sa a cinya.

"Bar ta a sama tukuna," ya ce. "Zan tuna."

Damina biyu ke nan da yin wannan maganar. Kullum aka kunna kwamfutar masallaci, sunan Lami ne na farko a jerin masu jira.